Me Ya Sa Bidiyon Waya Ke Dusashewa?

Sau da yawa mutum kan ɗauki bidiyon biki tangaran, amma da ya tura ta WhatsApp sai fuskoki su dusashe. Dalili kuwa, manhajar tana matse bidiyon don rage cin data. Garin haka ne zanen lalle da aikin wuyan babbar riga ke ɓacewa.

Gyara na farawa tun wurin ɗauka. A goge gilashin kyamara da ƙyalle mai laushi, musamman da hunturu. Haske ya riƙa bugun fuskar wanda ake ɗauka, kada ya fito ta bayansa. A saita kyamara kan 1080p, sannan a matsa kusa maimakon jawo hoto da yatsu, domin jawowar na farfasa shi.

Bayan ɗauka, manhajar Snapseed na daidaita hasken hoto da launinsa, CapCut kuma na yanke bidiyo. Sai dai kada a zaƙe har launin fata ya sauya.

Wajen turawa, a danna alamar HD da WhatsApp ya ƙaro a 2023, ko a aika bidiyon a matsayin fayil, wanda ke ɗaukar har gigabait 2 ba tare da matsewa ba.