Suits: Lauyoyin da Halacci Ya Ɗaure

A shekarar 2023, shekara huɗu bayan ƙarewarsa, shirin talabijin mai dogon zango na Suits ya sake tashe. Kamfanin Nielsen ya ce mutanen Amurka sun kashe minti biliyan 57.7 suna kallonsa a Netflix da Peacock, fiye da kowane shiri a wannan shekara. Aaron Korsh ne ya ƙirƙire shi, tashar USA Network ta haska shi daga 2011 zuwa 2019, zango tara, kashi 134. Labarin a New York yake, ko da yake yawancin ɗaukarsa a Toronto ta Kanada aka yi. Wasu sun leƙa ne don ganin Meghan Markle kafin aurenta da Yarima Harry a 2018. Amma abin da ya zaunar da mai kallo daban ne, kuma ba shari'a ba ce, domin kaɗan ne cikin rigingimun shirin ke kaiwa gaban alƙali. Bashi ne. Kusan duk wanda ke kamfanin lauyoyi na Pearson Hardman akwai wanda ya taɓa tsamo shi daga rami, kuma ba a barinsa ya manta.

Sarƙar ta faro ne daga Jessica Pearson, shugabar kamfanin. Ita ta hango Harvey Specter yana aikin rarraba wasiƙu, ta biya masa kuɗin karatun lauya a Harvard. Harvey ya girma ya zama gwarzon kamfanin, sai shi ma ya ɗauko nasa yaron, Mike Ross, maraya mai kaifin ƙwaƙwalwa da ba ya manta abin da ya karanta, amma bai taɓa zama a ajin koyon aikin lauya ba. Yadda suka haɗu ma abin dariya ne: Mike na gudun 'yan sanda da jakar tabar wiwi, wadda ya yarda ya kai don samun dala 25,000 na kula da kakarsa, sai ya faɗa ɗakin otal ɗin da Harvey ke tantance sababbin lauyoyi. Kamfanin kuwa ba ya ɗaukar kowa sai wanda ya fito daga Harvard. Daga wannan rana Harvey yana yi wa uwar ɗakinsa ƙarya don rufa wa yaronsa asiri.

Inda shirin ya fi nuna gwaninta shi ne labarin Cameron Dennis, a ƙarshen zango na farko. Kafin Harvey ya dawo wurin Jessica, ya yi aiki a ofishin mai gabatar da ƙara ƙarƙashin Cameron, wanda ya koya masa sana'a. Da ya gano ubangidan nasa yana ɓoye hujjojin da za su iya wanke waɗanda ake tuhuma, bai kai ƙara ba. Ya tattara kayansa ya bar ofishin, ya yi gum. A ganinsa ya raba gardama: bai sa hannu a ɓarna ba, bai kuma yi wa malaminsa butulci ba. Bayan shekaru aka fara binciken Cameron, aka nemi Harvey ya ba da shaida, ya ƙi. Sakatariyarsa Donna Paulsen ce ta miƙa wa Jessica hujjar da ta tilasta wa Cameron sauka.

Sai da Harvey ya koma cikin tsofaffin fayil-fayil ya ga kuɗin da shirunsa ya ci. Wani matashi, Clifford Danner, ya shafe shekara 12 a gidan yari kan kisan da bai yi ba, kuma Harvey da kansa ne ya gurfanar da shi, bai san an binne wata wasiƙa da za ta iya sauya shari'ar ba. Halaccin da ya yi wa Cameron ba daga aljihunsa ya fito ba, daga rayuwar Clifford aka cira.

Wannan ba ƙirƙirar marubuta ba ce kawai. Tun 1963, a shari'ar Brady da jihar Maryland, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa mai gabatar da ƙara da ya ɓoye hujja mai muhimmanci da za ta taimaki wanda ake tuhuma ya tauye masa haƙƙin da tsarin mulki ya ba shi. Ƙa'idojin ɗa'a da Ƙungiyar Lauyoyin Amurka ta fitar a 1983, waɗanda jihohi ke ɗora nasu a kai, sun tanadi sashe na 8.3, wanda ya wajabta wa lauya kai rahoton abokin aikin da ya san ya aikata abin da ke sa shakku babba kan gaskiyarsa. Sashe na 1.7 ya lissafa son ran lauya da nauyin wani da ke kansa cikin abubuwan da za su iya hana shi riƙe amanar wanda yake wakilta. Sashe na 5.5 kuwa ya hana taimaka wa wani yin aikin lauya ba bisa izini ba. Idan aka bi waɗannan da gaske, da shirin bai wuce kashi na farko ba.

Sauran basussukan sun fi kama da ciniki. A ƙarshen zango na biyu Jessica, wadda ta riga ta gano sirrin, ta ritsa Mike da barazanar tona shi, ya juya wa Harvey baya a rigimar haɗewa da kamfanin Edward Darby na Landan. Yaro ya ci amanar ubangidansa bisa umarnin uwar ɗakin ubangidan, wa za a ce ya fi haƙƙi a kansa? Louis Litt, wani lauyan kamfanin da ya daɗe yana jin ana raina shi, ya ba Daniel Hardman, abokin hamayyar Jessica kan shugabancin kamfanin, ƙuri'arsa bayan an ɗaga masa matsayi, daga baya da ya gano sirrin Mike bai kai wa hukuma ba, ya sayi gurbin sunansa a bangon kamfani da shi. Donna ta lalata wata takarda don kare Harvey, aka kore ta, aka dawo da ita. Shi kansa Harvey akwai tsohuwar igiyar attajiri Charles Forstman a wuyansa, tun lokacin da ya nemi kuɗi don ƙanensa Marcus ya buɗe gidan abinci.

Ƙorafina da shirin shi ne yadda yake sa mu manta da masu biyan kuɗin lauya. Duk wanda Mike ya wakilta an yaudare shi, duk yarjejeniyar da ya sa wa hannu tana iya zama abin jayayya. Amma kyamara tana kan fuskar Harvey da Donna, da wanda ya ji haushin wa. A zango na biyar, lokacin da mai gabatar da ƙara Anita Gibbs ta kama Mike, an shirya labarin yadda mai kallo zai tsane ta, alhali duk abin da ta tuhume shi da shi gaskiya ne. Ta yi masa tayin ya ba da Harvey ko Jessica ya tsira. Ya zaɓi amsa laifi da ɗaurin shekara biyu, bisa sharaɗin a ƙyale su, daga baya aka ji cewa masu taya alƙali yanke hukunci wanke shi za su yi. Wuri ne mai taɓa zuciya, babu musu. Sai dai sadaukarwar ta tafi ne ga waɗanda suka taya shi yaudara. Waɗanda aka yaudara sun bayyana ne a matsayin wata ƙara da aka yi hanzarin sasantawa a farkon zango na shida, aka wuce.

Kuma ko wa'adin bai cika ba. Harvey ya ƙulla yarjejeniyar da ta fito da shi da wuri, bayan Mike ya taimaka aka tatso bayani daga abokin zamansa na ɗakin kurkuku. A ƙarshen zangon Mike ya tsaya gaban kwamitin da ke tantance halin masu neman shiga aikin lauya, Anita Gibbs na zaune a ciki. Jessica, wadda ta riga ta bar kamfanin ta koma Chicago, ta bayyana ta amsa cewa ta san gaskiyar lamarin tun da daɗewa. Mike ya samu shiga. Ita kuma ta rasa lasisinta, aka cire sunanta daga bangon kamfanin, kuma a kan wannan faɗuwa aka gina mata nata shirin mai suna Pearson a 2019, wanda bai wuce zango ɗaya ba.