Inuwar Hoto A Fuskar Kwamfuta: Kafin A Yanke Wa Allo Hukunci

Duk wanda ya daɗe yana aiki da kwamfuta, a ofis ne ko a shagon buga takardu ko a cibiyar jarrabawa, da wuya a ce bai taɓa cin karo da wannan al'amari ba. Mutum zai rufe shafin da ya yini yana aiki a kai ya buɗe wani, sai ya hangi inuwar na farkon dishi-dishi tana leƙowa ta bayan sabon. Wani lokaci layukan jadawali ne, wani lokaci tambarin manhaja, ko kuma zirin nan na ƙasan allo da ba ya motsi tun safe har dare. Da yawa daga cikinmu da zarar sun ga haka sai su ce allon ya ƙone, su fara lissafin kuɗin sabo. Abin da nake son jawo hankalin mai karatu gare shi shi ne, a mafi yawan lokuta allon lafiyarsa lau, kuma maganin ba ya cin ko sisin kwabo.

Galibin allunan da ke kan teburanmu nau'in LCD ne. Allo mai faɗin ɗigo 1920 da tsayin ɗigo 1080 yana ɗauke da ɗigo 2,073,600, kowannensu ya kasu uku: ja da kore da shuɗi. A bayansu akwai fitila, a tsakanin gilasai biyu kuma akwai wani sinadari da ke tsakanin ruwa da daskararren abu, wanda masanin tsirran nan ɗan ƙasar Ostiriya, Friedrich Reinitzer, ya gano irinsa a 1888. Lantarki ne ke juya ƙwayoyin sinadarin, su buɗe wa haske hanya ko su tare shi, kamar taga da ake wangalewa ko a sakaya. Idan hoto ɗaya ya shafe sa'o'i a wuri guda, sai burbushin caji ya taru a ɗigogin da ke nuna shi, ta yadda idan sabon hoto ya zo ƙwayoyin ba sa komawa daidai nan take. Misalinsa kamar tabarmar da ta daɗe a naɗe ne: ko an shimfiɗa ta bakinta zai yi ta lanƙwashewa, amma in aka ba ta lokaci za ta miƙe.

Kada kuma a ɗauka matsalar kayan araha ce kawai. A 2012, lokacin da kamfanin Apple ya fitar da MacBook Pro mai allon Retina, masu saye da dama sun koka da irin wannan inuwa, alhali kwamfutar tana cikin mafi tsada a zamaninta.

Sai dai kama da wane ba ta wane. Tsofaffin allunan nan masu ƙeya da nauyi suna ƙonewa da gaske, domin sinadarin da ke ba su haske yana cinyewa a inda hoto ya daɗe. Saboda su ne ma aka ƙirƙiro hotunan da ke yawo a allo idan an bar kwamfuta ba a taɓa ba. Haka ma allunan OLED na manyan wayoyi da talabijin na zamani: kowane ɗigo shi ke samar da haskensa, wanda ya fi aiki ya riga sauran tsufa, shuɗi kuwa ya fi saurin gajiya. Irin wannan tabo ba ya gogewa. Don haka matakin farko shi ne mutum ya san nau'in allonsa.

In LCD ne, ga abin da nake ba da shawara. A kashe allon gaba ɗaya a bar shi ya kwana. Idan inuwar ta yi kanta, a ba shi kwana biyu ko uku. In ba ta tafi ba, a rage haske a cika allon da farin shafi na tsawon sa'o'i, ko a saki bidiyo mai yawan sauya launi domin kowane ɗigo ya motsa. Abin da nake gargaɗi a kansa shi ne murza gilashin da yatsa ko danna shi da tsumma, domin garin neman gira ana iya rasa ido.

Rigakafi kuwa ya fi magani. A saita allo ya riƙa mutuwa da kansa bayan minti goma na rashin aiki, a ɓoye zirin ƙasa, a riƙa sauya hoton bango, kuma kada a ƙure haske ba dalili. Zafi yana ƙara tsananta matsalar, saboda haka a watannin bazara kada a jingina allo da tagar da rana ke duka, kada kuma a toshe ramukan shan iskarsa.

Ga masu sayen allo na hannu, waɗanda yawancinsu sun sha aiki a ofisoshin ƙasashen waje, gwajin mai sauƙi ne. A nuna hoto mai baƙi da fari na minti goma, sannan a koma shafi mai ruwan toka. Inuwar da ta dushe cikin 'yan mintuna ba abin tayar da hankali ba ce. Wadda kuwa aka tarar tun kunnawar farko, alama ce cewa a nemi ragi ko a haƙura.

A ganina batun ya wuce na aljihu. Tsofaffin allunan LCD da dama fitilunsu na ɗauke da zaiba, wadda guba ce idan an fasa su a juji inda yara ke tsince-tsince. Ina kira ga shugabannin makarantu da ofisoshi da masu gyara su riƙa ba allo hutun kwana biyu kafin su rubuta cewa ya mutu. Idan ya warke an tsira da kuɗi, idan bai warke ba a lokacin ne maganar canji ta taso.