Tseren Tashi Tare: Gasar da Gwanaye 30 Ke Gudu da Bindiga a Baya

A watan Disamba, lokacin da hazon hunturu ke lulluɓe duwatsun Bwari, ma'aikata na sammako cikin rigunan sanyi don kama hanyar sakatariya, a can tsaunukan Turai wata kakar wasa ce ke kankama. Wasan shi ne bayatlon, wanda ya haɗa abubuwa biyu da ba sa ga maciji da juna: gudun zamiya a kan dusar ƙanƙara, mai sa zuciya bugawa kamar ganga, da harbin bara, mai buƙatar jiki ya natsu tsit.

Asalin wasan na sojoji ne. Tarihi ya nuna dakarun da ke gadin iyakar Norwe da Suwidin sun yi irin wannan gasa tun a 1767, sannan wasan ya shiga gasar Olamfik ta lokacin sanyi a 1960. A yau hukumar IBU, wadda aka kafa a 1993 mai mazauni a Ostiriya, ita ke shirya gasar cin kofin duniya, daga ƙarshen Nuwamba zuwa Maris. Ayarin 'yan wasan kan yada zango a wurare irin su Hochfilzen a Ostiriya, Le Grand-Bornand a Faransa, Oberhof da Ruhpolding a Jamus, da Antholz a Italiya, kuma sau da yawa a Oslo ake rufe kakar.

Cikin nau'o'in tseren da ake yi a kakar, babu wanda ya kai tseren tashi tare na maza jan hankali. A wasu nau'o'in, ɗaya bayan ɗaya ake sakin 'yan wasa, kowa yana kokawa da agogo. A nan kuwa mutum 30 ne ke tashi lokaci guda, kuma wanda ya fara tsallake layi shi ne zakara, babu wani lissafi a bayan fage.

Samun gurbi kansa jarrabawa ce. Mazauna Bwari, garin da hedikwatar hukumar JAMB take, sun san ma'anar makin da ake yankewa a kai. A nan ma haka abin yake: gurbi 25 na waɗanda ke saman teburin kakar ne, sauran biyar kuma na waɗanda suka fi taɓuka abin kirki a wasannin wannan makon. Wanda ya yi sakaci a farkon kaka sai dai ya kalli tseren daga gefe.

Nisan tseren kilomita 15 ne, zagaye biyar na kilomita uku-uku, kowane ɗan wasa na goye da bindigar da nauyinta bai gaza kilo uku da rabi ba. Sau huɗu ake tsayawa harbi: biyun farko ruf da ciki, biyun ƙarshe a tsaye. Kowane karo harsashi biyar ne ga bara biyar, daga nisan mita 50. Faɗin abin da ake aunawa a kwance santimita 4.5 ne, kusan kaurin ƙwan kaza; a tsaye kuma santimita 11.5. Duk harsashin da ya kauce, tararsa zagayen mita 150 ne, wanda kan ci daƙiƙa ashirin da 'yan kai.

A nan ne sirrin wasan yake. Ɗan wasa kan iso filin harbi numfashi sama-sama, cinyoyi na rawa, ga iska na kaɗawa, ga dubban 'yan kallo na shewa a duk harbin da ya dace. Abokin hamayyarsa na tsaye dab da shi, yana jin ƙarar harbinsa. Idan ya yi jinkiri a bar shi, idan ya yi gaggawa ya yi ɓari. Shi ya sa gwanaye kan rage gudu kaɗan kafin su iso, su saita numfashi, sannan su taɓa kunama. Sauri ya haifi nawa, in ji masu iya magana.

Harbi na huɗu shi ne alƙalin tseren. A Turin ta Italiya a 2006, karon farko da aka yi wannan tsere a Olamfik, gwarzon Norwe Ole Einar Bjørndalen ne ke kan gaba, amma kuskurensa a harbin ƙarshe ya mayar da shi na uku. Bajamushe Michael Greis ya ɗauke zinaren, na ukunsa a wannan gasa.

Wani lokaci kuma ƙafa ce ke raba gardama. A Sochi ta Rasha a 2014, Emil Hegle Svendsen na Norwe da Martin Fourcade na Faransa sun iso layi kafaɗa da kafaɗa, sai da aka duba hoto aka bai wa Svendsen nasara. Bayan shekara huɗu, a Pyeongchang ta Koriya ta Kudu, Fourcade ya sake samun kansa a irin wannan hali da Simon Schempp na Jamus. Ya miƙa ƙafa a kan layi, ya faɗi, ya doka sandarsa a ƙasa don takaici, yana zaton tarihi ya maimaita kansa. Hoto ya nuna shi ne ya ci.

Sai dai tsere guda ba ya naɗa sarkin kaka. Wanda ya zo na ɗaya kan sami maki 90, a tara makin tun daga farko har ƙarshe, wanda ya fi kowa a wannan nau'i ya karɓi ƙaramin kofin ƙarau, babban kuma na wanda ya yi zarra a dukkan nau'o'i. A Maris 2025, Johannes Thingnes Bø, wanda ya ci zinaren tseren a Beijin a 2022, ya yi ritaya tare da yayansa Tarjei, a kakar da ɗan ƙasarsu Sturla Holm Lægreid ya ɗauki babban kofin.

Nijeriya ba baƙuwa ba ce gaba ɗaya a fagen ƙanƙara. A 2018 'yan mata huɗu suka fara ɗaga tutarta a Olamfik ta lokacin sanyi. A 2022 kuma Samuel Ikpefan, haifaffen Annemasse da ke yanki ɗaya da Le Grand-Bornand, ya wakilce ta a gudun zamiya na dogon zango, wato rabin abin da ɗan bayatlon ke buƙata. Sauran rabin shi ne mai wuya: mutum ya ga abokan takara sun kewaye shi, gajiya ta ci ƙarfinsa, amma hannunsa bai yi rawa ba a harsashi na ashirin.