Mahaɗar Kebul a Na'urar Gem: Aikinta, Iyakarta da Matsalar Sunanta a Hausa

Gabatarwa

Wannan maƙala ta yi bayani ne a kan ƙaramar na'urar da ake jona na'urar gem da intanet da ita ta hanyar kebul, tare da duba yadda amfaninta yake a gari irin Unguwar Lalle ta Ƙaramar Hukumar Sabon Birni a Jihar Sakkwato. Haka kuma, ta duba wahalar da ke tattare da raɗa mata suna a Hausa.

Asali da Aiki

Ba kowace na'urar gem ke zuwa da ramin kebul na intanet ba. PlayStation 2 ta farko, wadda kamfanin Sony ya fitar a shekarar 2000, sai an sayi mahaɗarta daban an ɗaura mata a baya. Siririyar da ta fito a 2004 ce ta zo da ramin a jikinta. Wii ta 2006 da Switch ta 2017, na kamfanin Nintendo, su ma ba su da shi, don haka ake soka musu mahaɗar a ramin USB. Daga mahaɗar sai kebul ya tafi zuwa rauta, wato na'urar da ke rarraba intanet. Irin wannan kebul yana iya kai tsawon mita 100 ba tare da saƙo ya raunana ba.

Abin da mai wasa yake buƙata shi ne ƙarancin jinkiri tsakanin danna maɓalli da amsar da za ta dawo, kuma wannan ya fi yawan data muhimmanci. Siginar Wi-Fi tana raunana idan ta ratsa katanga mai kauri ko kwanon rufi, sannan wayoyin da ke kanta rabon lokaci suke yi. Kebul kuwa hanya ce ta na'ura ɗaya tilo.

Iyakarta a Ƙasar Gobir

Sai dai mahaɗar tana gyara tazarar da ke tsakanin na'urar gem da rauta ne kawai. A ƙauyukan wannan yanki, intanet ta turken sadarwa take zuwa, don haka rautar kanta da layin waya take aiki. Idan sabis ya yi rauni tsakanin rauta da turke, kebul ba ya ƙara komai. An ga misali mafi tsanani a watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato, ciki har da Sabon Birni da Isa, saboda matsalar 'yan bindiga. Bugu da ƙari, yawancin ƙananan rautocin aljihu ba su da ramin kebul, kuma rauta da talabijin da na'urar gem duk suna buƙatar wutar janareta ko ta sola. Saboda haka, mai gidan gem da ya sayi mahaɗar kafin ya tabbatar da waɗannan abubuwa yana iya yin asarar jarinsa.

Matsalar Suna

Kalmar "waya" aro ce daga Ingilishi, kuma ma'anarta ta farko ita ce zaren ƙarfe. Daga baya ta yaɗu zuwa talgiram, har aka sami "gidan waya" da "buga waya", sannan ta koma kan tarho, daga ƙarshe ta zauna a kan wayar hannu, wadda ba ta da zaren ƙarfe ko kaɗan. Sakamakon haka, idan aka ce "jona gem da waya", Bahaushen yau zai fi fahimtar cewa da wayar hannu za a ba na'urar intanet, wanda kishiyar abin da ake nufi ne. Kalmar "adafta" ma ba ta wadatar ba, domin an fi saninta da kayan wutar lantarki.

Kammalawa

Maƙalar tana ganin "mahaɗar kebul" ta fi dacewa, domin "mahaɗa" ta bi tsarin Hausa na ƙirar suna da ɗafa-goshin "ma-", kamar "mashiga" da "mafita", ita kuwa "kebul" ba ta da harshen damo irin na "waya". Wannan ya nuna cewa mai ƙirƙirar kalmomin fasaha ya kamata ya fara bin diddigin yadda tsofaffin kalmomin aro suka sauya ma'ana a bakin jama'a kafin ya ɗora musu sabon nauyi.