Bayan An Naɗe Tabarmar Makoki

Karatu: Farawa 23:1-20, Rut 1:1-22, 1 Tassalunikawa 4:13-18

Yau maganarmu ta shafi macen da mijinta ya rasu, da namijin da matarsa ta rasu. In ke ce, 'yar'uwata, ko kai ne, ɗan'uwana, ku matso kusa. In kuwa abin bai taɓa samunka ba, ka saurara duk da haka, domin akwai gwauruwa a unguwarku, akwai kuma a bencin da kake zama ran Lahadi.

A nan Karu mun san yadda abin yake. Yawancinmu baƙi ne da muka zo muka zauna tare da Gbagyi masu gari, daga Kudancin Kaduna, Filato, Nasarawa, Binuwai da sauran wurare. In mutum ya rasu, sai a kai gawa ƙauye, a yi jana'iza, dangi su cika gida. Bayan mako ɗaya ko biyu kowa ya koma harkarsa. Gwauruwa kuma ta dawo ɗakin haya a Karu, ta tarar da takalmin mijinta a bayan ƙofa, ga kuɗin makarantar yara, ga mai gida yana jiran kuɗin haya. A lokacin ne ainihin makoki yake farawa. Wasu ma ba su sami zarafin yin sallama ba. Ran Litinin, 14 ga Afrilu, 2014, bam ya tashi da safe a tashar motar Nyanya, nan kusa da mu, mutane fiye da 70 suka mutu. Da yawansu sun fita neman abinci ne kamar kullum.

To, yaya Allah yake warkar da zuciyar da ta ji irin wannan rauni? Littafi Mai Tsarki ya nuna mana hanyoyi uku.

Na ɗaya: Allah bai hana ka kuka ba

Akan ce wa mai makoki, "Yi shiru, kai fa mai bi ne." Musamman maza, akan ce musu namiji ba ya kuka. Amma duba Ibrahim, uban masu bangaskiya. Sa'ad da Saratu ta rasu a Hebron tana da shekara 127, Farawa 23 ta nuna ya yi makoki, ya kuma yi kuka dominta. Bayan haka ne ya tashi ya sayi kogon Makfela a bakin shekel 400 na azurfa ya binne ta. Yesu kansa ya zub da hawaye a kabarin Li'azaru, alhali ya san zai tashe shi.

Dubi Na'omi kuma. Yunwa ta kai ta Mowab tare da mijinta Elimelek da 'ya'yanta biyu maza. A can miji ya mutu, bayan wajen shekara 10 'ya'yan ma suka mutu. Da ta komo Baitalami, ta ce wa matan gari su daina kiranta Na'omi, wato mai daɗi, su kira ta Mara, wato mai ɗaci. Ta faɗa a fili cewa Allah ne ya ɗanɗana mata wannan ɗaci. Babu inda aka rubuta cewa Allah ya hukunta ta saboda wannan magana. Saboda haka, 'yar'uwa, in addu'arki yanzu kuka ce kawai, ki kai masa kukan. In kina da tambaya, ki yi masa. Ciwon da aka rufe shi yakan ruɓe a ciki.

Na biyu: Allah yana warkarwa ta hannun mutane

Na'omi ta ce ta komo hannu wofi, ga shi kuwa Rut surukarta tana tsaye kusa da ita. Baƙin ciki yakan rufe ido haka. Sun iso a farkon girbin sha'ir. Rut ta tafi kala a gonar Bo'aza, ta kawo hatsi gida. Ka lura, Allah bai aiko wa Na'omi mala'ika ba. Suruka ya ba ta, da abincin yau, da dangi mai tsoron Allah. Sannu a hankali matar da ta kira kanta Mara ta fara sa albarka, ta fara ba da shawara, har ta rungumi jariri Obed, kakan sarki Dawuda. Mijinta bai dawo ba, kuma ba ta manta da shi ba, amma rayuwa ta sake yi mata daɗi.

Wannan aiki ne na ikilisiya. A Ayyukan Manzanni sura 6, gunaguni na farko da ya tashi a ikilisiyar Urushalima a kan gwauraye ne da ake mantawa da su wajen rabon abinci, har aka zaɓi mutum 7 su kula da wannan hidima. Yakubu 1:27 ya sa kula da marayu da gwauraye cikin alamun addini na gaskiya. Ku 'yan Zumuntar Mata, mun gode da girki da waƙoƙin ranar jana'iza. Amma wa zai je gidan bayan wata uku? Wa zai tuna ranar da ya cika shekara? Ku dattawan ikilisiya, wa zai zauna da mutumin da matarsa ta bar masa yara huɗu, bai iya ko tuƙa tuwo ba? Ba sai ka yi wa'azi ba. Ka je, ka zauna, ka ambaci sunan marigayin, ka bar ta ta ba da labarinsa ko da ka riga ka ji sau goma.

Dole mu faɗi wata magana mai nauyi. Wani lokaci dangin miji ne suke ƙara wa gwauruwa ciwo. Su zarge ta da kashe shi, su kwashe kaya da takardun fili, su tilasta mata al'adun da suke wulakanta ta. Fitowa 22:22-24 ta yi kashedi mai tsanani a kan cutar gwauruwa da maraya. Hukuma ma ta hana. Dokar hana cin zarafin mutane da aka sa wa hannu a 2015, wadda take aiki a nan Babban Birnin Tarayya, ta mai da tilasta wa gwauruwa al'adu masu cutarwa laifi. Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta keɓe 23 ga Yuni ta zama ranar tunawa da gwauraye, an fara kiyaye ta a 2011. In mai bi ne ya riƙe kayan marayu, ya mayar, ya tuba.

Kai mai makoki kuma, ka karɓi taimako. In watanni sun wuce ba ka iya cin abinci ko barci, ko tunanin kashe kanka yana zuwa maka, ka gaya wa fastonka yau, ka kuma ga likita. Ganin likita ba rashin bangaskiya ba ne.

Na uku: Allah ya ba mu bege

Bulus ya rubuta wa Tassalunikawa domin wasunsu sun mutu, sauran suna cikin damuwa. Bai ce kada su yi baƙin ciki ba. Ya ce kada baƙin cikinsu ya zama irin na marasa bege. Dalilinsa ɗaya ne: Yesu ya mutu, ya kuma tashi, don haka waɗanda suka yi barci cikinsa za su tashi. Wannan bege ne yake sa mutum ya iya tashi da safe ya shirya yara su tafi makaranta.

Warkewa ba ta da ranar da aka yanka mata. Wani zai sake aure, kamar yadda Ibrahim ya auri Ketura, Rut kuma ta auri Bo'aza. Bisa ga 1 Korantiyawa 7:39 hakan ba laifi ba ne, muddin cikin Ubangiji ne. Wata kuma za ta zauna haka, kamar annabiya Hannatu a Luka sura 2, wadda ta yi shekara 7 kawai da mijinta, ta ƙarasa kwanakinta tana sujada a Haikali, har idonta ya ga jariri Yesu. Kada a matsa wa kowa, kada kuma a zargi kowa. In ka yi dariya yau, ba ka ci amanar marigayiya ba. In kin yi kuka bayan shekara biyar, bangaskiyarki ba ta kāsa ba.

Bari mu yi addu'a.

Ya Ubanmu na sama, ka ga ɗakin da ya yi shiru, ka ga hawayen da ake zubarwa da dare. Ka ta'azantar da bayinka da suka rasa abokan zamansu. Ka tanada musu abincin yau, ka kāre su daga masu zalunci, ka buɗe idanunmu mu zama musu kamar Rut. Ka riƙe mu cikin begen tashin matattu har ranar da za ka share dukan hawaye. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.

Sai mako mai zuwa, in Ubangiji ya yarda. Salamar Allah ta kasance tare da ku.