2,147,483,647: Lambar da ke jiran tsofaffin na'urori a shekarar 2038

A watan Disamban 2014, YouTube ya sanar cewa masu kallon waƙar Gangnam Style sun zarce 2,147,483,647, kuma ya faɗaɗa ma'aunin ƙirga kallonsa. Me ya sa wannan lamba ta zama iyaka?

Wace irin lamba ce?

Idan aka jera 2 guda 31 aka ninka su da juna, sannan aka cire 1, ita ake samu. Mara ce, ba cika ba. Kuma babu lambar da ke raba ta ba saura sai 1 da ita kanta. Lambobin da suka haɗa waɗannan siffofi biyu, wato ninkin 2 da aka cire wa 1 kuma ba sa rabuwa, ana kiran su lambobin Mersenne marasa rabuwa, da sunan wani malamin Faransa na ƙarni na 17. Jerin ya fara da 3, 7, 31 da 127, wannan kuwa ita ce ta takwas. Ba kowane ninki ke shiga jerin ba: 2,047 tana da siffar, amma 23 sau 89 ce.

Leonhard Euler, masanin lissafi ɗan Suwizalan, shi ya tabbatar ba ta rabuwa a shekarar 1772, da alƙalami da takarda kawai.

Ina ruwanta da waya?

Kwamfuta da waya ba su san komai ba sai 0 da 1, kowane gurbi ɗaya sunansa bit. A tsarin 32-bit, gurbi ɗaya yana nuna ko lambar tana sama da sifili ko ƙasa, saura 31. Idan duka 31 suka zama 1, an kai 2,147,483,647. Aka ƙara 1, sai ƙirgen ya juya ya faɗa −2,147,483,648.

Matsalar 2038

Tsarin Unix, wanda Linux da Android suka gaji agogonsa, yana ƙirga daƙiƙoƙi ne tun daga 1 ga Janairun 1970. A ma'ajin 32-bit, ƙirgen zai cika ranar 19 ga Janairun 2038, da ƙarfe 4:14:07 na asuba agogon Najeriya da Nijar. Daƙiƙa ɗaya bayan nan, na'urar da ba a gyara ba za ta ɗauka ana Disamban 1901.

Maganin shi ne 64-bit, wanda iyakarsa ta kai 9,223,372,036,854,775,807. Apple ya daina karɓar manhajojin 32-bit tun iOS 11 a 2017, Google Play kuma ya wajabta 64-bit daga Agustan 2019. Saboda haka yawancin sababbin wayoyi ba su cikin haɗari. Inda matsalar ta rage shi ne tsofaffin na'urorin da ake dasawa a manta da su, irin su rauta, kyamarar tsaro da injinan masana'antu, da rumbunan bayanai da ke ajiye lokaci a gurbin 32-bit. Mai koyon rubuta manhaja ya kiyaye: lokaci, kuɗi da yawan mabiya, a ba su gurbin 64-bit tun daga farko.