AMSAR WASIƘUNKU: Ko Mutum Zai Iya Ƙera Jirgin Sama A Gida?

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai walda a Kankiya, kuma wani ɗan kasuwa daga Kusada ya aiko da irinta. Suna tambaya, wai da gaske ne mutum kan ƙera jirgin sama a gida? In haka ne, ina aikin kwamfuta a ciki?

To malamai, gaskiya ne. A Amurka akwai 'yan ƙananan jirage marasa nauyi, masu ɗaukar mutum ɗaya tak. Dokar da aka kafa musu a 1982 ta ce kada nauyin jirgin ya wuce kilo 115 in babu kowa a ciki, wato buhun masara guda da 'yan kai, kuma kada tankinsa ya ci fiye da lita 19 na mai. Mutum kan sayi takardun zanen jirgin, ya bi su daki-daki, kamar yadda tela ke bin awo.

Tsofaffin zanen nan da hannu aka yi su. To a ce injin da aka rubuta bai samu ba, ka sa wani wanda ya fi shi nauyi. Duk wanda ya taɓa ɗora wa jaki mangala ya san in gefe ɗaya ya rinjaya, kaya ƙasa za su yi. Haka jirgi yake. In goshi ya yi nauyi sai ya riƙa dunƙura, in kuwa wutsiya ce ta rinjaya, ya fi haɗari, don yana iya ƙwace wa matuƙi.

A nan kwamfuta ke shigowa. Da manhajar zane irin su AutoCAD, wadda ta fito a 1982, akan sake zana kowane ƙarfe da kowace huda da awonta. Sai a lissafa inda nauyi ya taru, a ga ko sassan za su haɗu, tun ba a yanka ƙarfe ko ɗaya ba. Kuskuren da aka gani a allo gogewa kawai za a yi, ba a yi asarar kaya ba.

Kada ku ɗauka abin na Turawa ne kaɗai. Jirgin Air Beetle da kamfanin AIEP ya haɗa a Kaduna, wanda ya fara tashi a 1989, asalinsa RV-6A ne, jirgin haɗin gida na kamfanin Van's na Amurka. Ya fi waɗancan girma, mutum biyu yake ɗauka. Aka yi masa gyare-gyare, sojojin saman Nijeriya suka yi odar guda 60 don koyon tuƙi. A 2007 kuma Mubarak Muhammad Abdullahi, lokacin yana ɗalibi a Jami'ar Bayero ta Kano, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin mota Honda Civic, ya ɗaga kamar ƙafa 7 daga ƙasa.

Amma fa a yi hattara. Kwamfuta abin da ka ba ta shi take lissafawa. In zane ya ce alminiyam na jirgi, kai kuma ka sa bututun ruwa, lissafi ya rushe. Ga kuma zafin bazara irin namu: iska mai zafi ba ta da kauri, don haka jirgi sai ya yi dogon gudu kafin ya ɗaga. Rai ne a ciki, ba a gwaji da shi.

Saboda haka malam mai walda, fara da ɗan ƙaramin samfuri wanda ba ya ɗaukar mutum. Yaron da ke da sha'awa a sa shi ya riƙe lissafi da zane, ga Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama nan a Zariya tun 1964. Kuma kada a tashi da jirgi ba da izinin hukumar NCAA ba.